Dambe a Cikin Labarin Soyayya: Yadda Ake Sharhin Irin Wannan Fim

Assalamu alaikum. Jama'a, na gode da kuka daure kuka zauna.

Fim ɗin da ya haɗa soyayya da barkwanci da faɗan kungfu yana rikita mai sharhi. Wani zai ƙirga naushi ya ce fim ya yi kyau, wani zai ƙirga dariya. Ni abu ɗaya nake dubawa: faɗan nan, ya taɓa soyayyar ko kuwa lika shi aka yi a gefe?

Bari mu ɗauki Gorgeous, wanda ya fito a Hong Kong a 1999, Vincent Kok ya ba da umarni. Shu Qi ta fito a matsayin Bu, yarinyar wani ƙauyen masunta a Taiwan. Ta tsinci kwalba a teku da wasiƙar soyayya a ciki, ta ɗauka da ita ake, ta tattara ta nufi Hong Kong. Ashe ba ita aka rubuta wa ba. A can ta haɗu da attajirin ɗan kasuwa, wato Jackie Chan, mai kuɗi amma ba ya da sakin fuska.

To ga inda nake so ku buɗe ido. Abokin hamayyarsa ya ɗauko masa ɗan dambe, Brad Allan, ɗan Ostireliya, gajere, sauri kamar walƙiya. Karon farko Jackie ya sha kashi. Ku lura, jarumi ne fa, kuma a fim ɗinsa! A karo na biyu ya fara a takure, yana karɓar duka, sai ya tuna yarinyar nan da take ce masa ya riƙa murmushi. Ya saki fuska, kafaɗunsa suka sauka, ƙafafunsa suka yi sauƙi, har faɗan ya koma kamar rawa. Da abin da ta koya masa ya ci. Nan ne soyayyar ta shigo cikin damben, ba tare da an furta kalmar so ko sau ɗaya ba.

Wani abin dubawa kuma shi ne kyamara. Ana nuna mutanen biyu daga kai har ƙafa, ba a yawan yanka hoto, kana ganin naushi ya tashi kana ganin inda ya sauka. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san cewa tun yana yaro aka horar da Jackie a makarantar wasan gargajiyar Sin ta malaminsa Yu Jim-yuen, inda tsalle da faɗa da rawa duk darasi ɗaya ne.

Amma kar ku ce na zo tallar fim. Tsakiyarsa na da jan jiki, wasu barkwancin sun tsufa. Sannan an haifi Jackie a 1954, Shu Qi kuwa a 1976. Shekara 22 ke nan tsakaninsu, kuma ana gani. Wani lokacin kallon da yake mata na yaya da ƙanwa ne. Idan suna zaune suna hira sai in ji ina duba agogo, ina jiran Brad Allan ya dawo.

Na ga hannu a can baya. Malam, bismillah, ɗaga murya kaɗan.