Me Ya Sa Maganin Hawan Jininka Ya Bambanta da na Maƙwabcinka?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da wannan lokaci.

Bari mu fara daga majalisar ƙofar gida, bayan la'asar. Dattawa biyu ne zaune a kan tabarma, kowa ya zaro kwalin maganinsa daga aljihun gaba. Su biyun hawan jini likita ya ce suna da shi, kuma kusan sa'annin juna ne, amma da aka jera kwalayen sai aka ga sunayen ko kama ba su yi ba. Ɗaya ya ce, "Alhaji, ni fa tun da na fara shan nawa wani busasshen tari ya hana ni barci. Ko za ka sam mini naka in gwada?" Ɗayan ya ce, "Kai dai bari, Malam. Ni nawa ƙafa yake kumbura mini, da yamma takalmi ba ya shiga."

Kada dai Alhaji ya sam masa. Amma tambayar da ke ƙarƙashin wannan hira tana da kyau: da me likita yake dogara idan ya ɗauki biro ya rubuta wannan ya bar wancan? Amsar tana cikin gwaje-gwajen da aka yi a kan dubban mutane, kuma ɗaya daga cikinsu a nan gida aka yi shi.

Sai mun ɗan koma baya tukuna. A watan Afrilun 1945 shugaban Amurka, Franklin Roosevelt, ya mutu sakamakon fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. Awon jininsa a ranar ya kai 300 bisa 190. Shugaban ƙasa ke nan, da likitoci kewaye da shi. A wancan zamani likitoci da yawa sun ɗauka cewa idan mutum ya manyanta jijiyoyinsa suka yi tauri, dole jini ya hau kafin ya iya ratsawa, don haka saukar da shi ma haɗari ne. Manyan malamai ne suke faɗin haka, ɗalibai suna rubutawa.

Ba musu ne ya kashe wannan magana ba, ƙidaya ce. Wani likita mai suna Edward Freis ya jagoranci gwaji a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, aka fitar da sakamakon a 1967. Maza 143 ne masu hawan jini mai tsanani. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: kashi ɗaya magani na gaske, kashi ɗaya ƙwaya mai kama da magani amma babu komai a cikinta. A cikin masu shan ƙwayar banza, mutum 27 suka gamu da babbar matsala, irin su shanyewar ɓarin jiki, gazawar zuciya da lalacewar ƙoda. A cikin masu shan magani, mutum 2 kacal.

Ku riƙe maganar ƙuri'ar nan, don ita ce ƙashin bayan aikin. Idan likita ne ya zaɓi wanda zai ba sabon magani, ko bai yi niyya ba zai iya karkata ga masu ƙarfi a jika, sai maganin ya ci yabon da ba nasa ba. Ƙuri'a ba ta san Alhaji ba, ba ta san Malam ba. Tana watsa masu ƙiba da ramammu, masu shan taba da marasa sha, a ɓangarorin biyu daidai wa daida. Abin da ya rage ya bambanta su shi ne maganin.

To an yarda a saukar da jini. Da wane magani?

Ku dubi waɗannan kwalaye uku a kan allo, su ne aka fi gani a kemis. Na farko amlodipine, aikinsa sassauta jijiyoyi su buɗe, kamar a faɗaɗa tiyo ruwa ya wuce ba tare da matsi ba. Shi ne mai kumbura wa Alhaji ƙafa. Na biyu hydrochlorothiazide, wanda mutane ke kira mai sa fitsari, yana sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa. Na uku dangin da sunayensu ke ƙarewa da "pril", irin su lisinopril da perindopril, suna toshe wani sinadari da ke matse jijiyoyi. Su ne masu kawo tarin Malam, kuma su ne waɗanda ba a ba mai juna biyu, don suna cutar da ɗan da ke ciki.

A 2002 aka fitar da sakamakon wani ƙaton gwaji a Amurka mai suna ALLHAT, mutum sama da 33,000, wajen kashi ɗaya cikin uku baƙar fata. A nan aka ga abin da likitoci suka daɗe suna zargi. Baƙaƙen fatar da aka ba lisinopril jininsu bai sauka kamar na waɗanda aka ba mai sa fitsari ba, kuma shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa a cikinsu da kashi 40 cikin 100. Bayanin da masana suke yi shi ne, da yawa daga cikin baƙar fata jikinsu ya fi riƙe gishiri, kuma sinadarin da su lisinopril suke zuwa toshewa dama bai cika yawa a jininsu ba. Ka je rufe ƙofar da ɓarawo bai biyo ta nan ba.

Sai dai akwai gyara a nan. Launin fata ma'auni ne na kintace. Baƙar fatan da ya tashi a Amurka da manomin Ɗambatta ba abinci ɗaya suke ci ba, ba rana ɗaya take dukansu ba, ba aiki ɗaya suke yi ba. Ga kuma wani abu: yawancin masu hawan jini ƙwaya ɗaya ba ta isarsu, sai an haɗa biyu. Wace biyun ce ta fi dacewa da ɗan Afirka da ke zaune a Afirka? Shekara da shekaru likitocinmu suna rubuta haɗi ne bisa abin da aka auna a jikin wasu.

Wannan giɓi ne Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja da abokan aikinsa suka tunkara, da gwajin da suka sa wa suna CREOLE. Mutum 728, dukkansu baƙar fata masu hawan jini, daga ƙasashe shida: Najeriya, Kamaru, Kenya, Uganda, Mozambik da Afirka ta Kudu. A cikin likitocin da suka yi aikin har da Farfesa Mahmoud Sani, likitan zuciya na Kano. Mata sun fi maza yawa a cikin mahalartan, kuma matsakaicin shekarunsu 51 ne. Wato irin mutanen da za ka tarar a kan benci a asibitin sha-ka-tafi ranar Litinin da safe.

Aka raba su gida uku da ƙuri'a. Gida na farko amlodipine da mai sa fitsari. Gida na biyu amlodipine da perindopril. Gida na uku perindopril da mai sa fitsari, babu amlodipine. Wata biyu a kan ƙaramin awo, sannan aka ninka na tsawon wata huɗu.

Yadda suka auna jinin ya cancanci a tsaya a kansa. Ba su tsaya ga awon ofishin likita ba, don kowa ya san akwai mutumin da ganin farar riga kawai yake sa jininsa ya hau. Wata ƙaramar na'ura suka ɗaura wa kowa, robar a damtse, akwatin a ƙugu, ya tafi gida da ita awa 24. Tana matse hannu ta saki da kanta, yana kasuwa, yana alwala, yana barci. Washegari a cire a karanta. Wannan shi ne jinin mutum na gaskiya, ba na minti biyu a gaban likita ba.

A 2019 sakamakon ya fito a mujallar likitanci ta New England. Gidaje biyun da ke da amlodipine sun fi gida na uku saukar jini da kimanin maki 3 a lambar sama, wato ta farko cikin lambobi biyu na awon jini. Tsakanin su biyun kuwa babu wani bambanci na a zo a gani.

Na san wani zai ce, duk wannan wahala a kan maki 3? A jikin mutum ɗaya ba za ka ji shi ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 manya wajen biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. Idan ka sauke maki 3 a jikin miliyoyin mutane, gidaje da yawa ne ba za a shigo da keken guragu ba. Duk da haka a faɗi gaskiya: CREOLE lamba ya auna, na wata shida. Bai ƙirga waɗanda suka shanye ko suka mutu ba, irin wannan ƙidaya tana buƙatar shekaru da mutane da yawa fiye da haka. Kuma akwai wanda dangin "pril" ɗin ne gatansa, kamar mai ciwon suga da ƙodarsa ta fara zubar da furotin a fitsari, ko mai raunin zuciya. Wataƙila dalilin da ya sa aka ba Malam nasa ke nan. Idan tarin ya dame shi, akwai dangin da ke ƙarewa da "sartan", irin su losartan, masu aiki kusan iri ɗaya kuma ba su cika kawo tari ba. Komawa wurin likita ce maganin tarin, ba aljihun Alhaji ba.

Ojji bai tsaya nan ba. A 2024 suka fitar da wani gwajin, VERONICA, a kan mutum 300 a Najeriya. Wannan karon magani uku aka dunƙule a ƙwaya ɗaya, kowanne ɗan kaɗan: telmisartan, amlodipine da indapamide. Bayan wata shida, kashi 82 cikin 100 na masu shan ƙwayar sun sauka ƙasa da 140 bisa 90 a awon asibiti, waɗanda aka bi da su ta tsarin da aka saba kuma kashi 72. Abin da ya fi ɗaukar hankalina ba 82 ɗin ba ne, 72 ɗin ne. Da magungunan da muke da su tun tuni, idan dai akwai mai bibiyar mara lafiya kuma maganin bai yanke ba, bakwai cikin goma suna daidaita. A ganina babbar matsalarmu ba ta cikin kwali, tana wajen mutumin da ya sha na wata ɗaya, ya ji ciwon kai ya tafi, ya ce ya warke.

Lambar da ake nema fa? Nan likitocin duniya ba su gama jituwa ba. Bayan gwajin SPRINT na 2015, wanda ya nuna amfanin sauke lambar sama har ƙasa da 120 ga masu haɗarin ciwon zuciya, Amurkawa suka mayar da iyakar hawan jini 130 bisa 80 a 2017. Hukumar Lafiya ta Duniya tana nan a kan 140 bisa 90, a auna a ranaku biyu daban-daban. Don haka idan ɗanka da ke waje ya bugo waya ya ce likitansu ya faɗi wata lamba, ba ƙarya likitansu ko naka ya yi ba.

Mu leƙa madafa. A ƙauyuka 600 na ƙasar Sin an yi gwaji da mutum kusan 21,000, aka ba rabi gishirin da aka cire kashi ɗaya cikin huɗu na cikinsa aka maye da sinadarin fotasiyam. Sakamakon 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100, mutuwa da kashi 12. Amma uwar gida, kada ki ji an ce fotasiyam ki nufi kanwa. Kanwa sodiyam ce ta fi yawa a cikinta, wato 'yar uwar gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da wankan jego da kumburin zuciyar masu jego. Haka dunƙulen ɗanɗanon miya, gishiri ne fal a cikinsa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne ƙasa da giram 5 a yini, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma har da na cikin burodi, da yajin tsire, da na miyar. Mai ciwon ƙoda kuwa kada ya taɓa gishirin fotasiyam sai da izinin likita.

Saura tambayar da ake yawan yi idan Sha'aban ya raba: da safe ake sha ko da dare? An taɓa yayata cewa na dare ya fi. Sai aka gwada a Birtaniya, mutum 21,104, rabi da safe rabi da yamma, aka bi su sama da shekara biyar. A 2022 aka fitar da sakamako: bugun zuciya, shanyewa da mutuwa duk ba su bambanta ba. Ke nan mai shan ƙwaya sau ɗaya a yini yana da sarari ya mayar da ita lokacin sahur ko buɗa-baki, idan likitansa ya amince. Wanda ya fi buƙatar wannan shawara shi ne mai shan maganin sa fitsari, musamman idan azumi ya faɗo a watannin zafi, don ruwan jikinsa zai iya yin ƙasa ya ji jiri idan ya miƙe. Ya je asibiti kafin ganin wata, ya tafi da kwalayen gaba ɗaya a leda, har da na gargajiyar da yake haɗawa, ya zube su a kan teburin likita.