Darasi: Kayan da sabon injiniyan gas zai fara saya

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Yau da ku nake, ƙannena da kuka karɓi takardar shaida kwanan nan, kuna shirin fita aiki da ƙafarku. Kullum tambayarku ɗaya ce: maigida, me zan fara saya? To ga shi na baje kayana a kan teburi, mu bi su a hankali.

Abin da na sha gani shi ne, yaro ya gama koyon aiki, ɗoki ya ɗebe shi, ya sayi ƙaton akwati cike da sifanoni, ya ƙara da injin huda bango mai batir, kafin ya iso kan kayan awo aljihu ya yi wayam. Wannan yana damuna ƙwarai. Ruwa in ya yi yoyo za ka gan shi a ƙasa. Gas ba ka ganinsa. Warin nan ma da kake ji, zuba masa aka yi da gangan, kuma in ka daɗe a cikinsa hanci sabawa yake yi. Saboda haka kuɗinka na farko ya tafi kan abin da zai gaya maka abin da idonka ba ya gani.

Ku duba wannan. Manomita ce ta ruwa, bututu ne da ake ganin cikinsa, an lanƙwasa shi kamar harafin U, ga ruwa a ciki, ga ma'auni a tsakiya. Bari in hura tiyon kaɗan. Kun ga ruwan ya sauka a nan, ya hau a can? Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ƙarfin iskar. Kusan santimita 1 na ruwa shi ne milibar 1, wato ma'aunin da ake auna ƙarfin gas da shi. Gas ɗin da ake turowa gidaje ta bututu yakan yi aiki a wajen milibar 20. Na tukunya kuwa, a ƙasashe da yawa nau'in da ake kira butan yana kan 28 zuwa 30, wanda ake kira furofan yana kan 37, amma kullum ka karanta abin da aka rubuta a jikin ragileta da jikin na'urar da kake gyarawa. A nan ne sabon shiga yake yin asara: ya sayi gajeriyar manomita mai tsayawa a 30, ya je aikin furofan, ruwan ya yi tsalle ya fice. Ka san irin gas ɗin da za ka fi yi wa aiki kafin ka zaɓi tsawonta.

In za ka karanta ta, ka rataye ta a tsaye cak, ka daidaita ruwan a kan sifiri, ka sauko da idonka daidai da bakin ruwan. Ba ta cin batir, ba ta buƙatar a kai ta saiti. Akwai kuma ta lantarki, ga ta, mai baki biyu, tana nuna ƙaramin canjin da ido zai iya tsallakewa, tana kuma auna bambancin ƙarfi tsakanin wurare biyu. Ni duka biyun nake ɗauka, kuma ranar da na yi shakkar ɗaya, da ɗayar nake gwada ta. In ɗaya kawai za ka iya saya yanzu, sayi ta ruwa, ka ƙware da ita.

Sai neman yoyo. Sayi ruwan kumfa na musamman da aka yi don gas. Kada ka haɗa da sabulun wanke-wanke, domin wasu suna ɗauke da amoniya mai tsaga tagulla, wasu da gishiri mai cin ƙarfe. Ka fesa, ka jira, ka goge bayan ka gama. Ashana ko laita kuwa, kada ma tunanin ya zo maka. Na'urar sansano gas tana da amfani, ita za ta kai ka kusa da wurin, kumfa ce za ta nuna maka ainihin mahaɗar. Ka tuna gas ɗin bututu ya fi iska sauƙi, sama yake yi, na tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, a rami da kwata. Inda za ka kai bakin na'urar ke nan.

Yanzu ga babbar magana, na'urar auna hayaƙi. Ita ce mafi tsada a jakarka, kuma in za ka taɓa tukunyar dumama ruwa ko ta dumama ɗaki, babu makawa sai da ita. Kana zura wannan siririn ƙarfen cikin bututun hayaƙi, famfonta ya zuƙo, ta auna oksijin da kabon monoksaid, ta lissafo maka kabon dayoksaid. Kabon monoksaid ba shi da wari, ba shi da launi, kuma yana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau sama da 200. Mutum sai ya kwanta da ciwon kai ya kasa tashi. Harshen wuta na iya yin shuɗi mai kyau alhali tukunyar tana fitar da shi.

Abin da mai sayarwa ba lallai ya gaya maka ba shi ne, sensocin da ke cikinta, wato sassan da ke sansano iskar, suna tsufa ko kana aiki da ita ko ba ka yi. Na oksijin irin na gama-gari yakan yi kamar shekara 2. Kuma duk shekara sai an mayar da ita an yi mata saiti, an ba ka takarda. Ni ta hannu na fara saya, a wajen wani da ya bar sana'ar. Jikinta fes, ba ko ƙwarzane. Ban tambayi takardar saiti ba. Da na kai ta dubawa aka ce sensocin biyu duk sun mutu, na yi makonni ina mayar da aiki saboda ba ni da abin awo. Don haka kafin ka biya, tambayi abu uku: yaushe aka yi mata saiti na ƙarshe, akwai mai yi mata saiti inda za ka iya kaiwa, kuma kwana nawa take yi a can. Kamfanoni irin su Testo da Kane da Anton sanannu ne a wannan fanni, amma sunan da ke jiki bai kai samun mai gyara muhimmanci ba. Ka duba kuma ko ta cika ƙa'idar Turai ta irin waɗannan na'urori, EN 50379, ko wadda hukumar ƙasarka ta amince da ita.

Ƙaramar ƙararrawar kabon monoksaid da ake maƙalawa a riga, saye ta rana ɗaya da manomita. Ranka take tsarewa. Haka abin gwada wutar lantarki, tun da na'urorin gas na yanzu da yawa da waya a cikinsu, da kuma wannan wayar mai maƙali biyu da ake haɗa gefe da gefe kafin a yanke bututun ƙarfe, don kada tartsatsi ya tashi ko wuta ta ja ka.

Kayan hannu ba sai na daɗe a kansu ba. Sifana biyu masu kyau, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya, don kada ka murɗe bututu. Abin yankan bututu, filaya, sukundireba mai rufin roba, tocila, da tef ɗin da aka rubuta na gas ne. Saura ka bari sai aiki ya nema, ka saya da kuɗin aikin.

Bari in nuna muku yadda ake rufe na'urar hayaƙin. Na zare ƙarfen, na bar famfon yana zuƙar iska mai tsabta har kabon monoksaid ya dawo sifiri, oksijin ya koma 20.9. Yanzu na cire wannan ɗan kofin, kun ga ruwan da ya taru? A zubar, don in ya kai ga sensa ya lalata shi. Matacin nan in ya yi baƙi a canza. Kuma kada ta kwana a mota, cikin sanyi ko cikin zafi. A darasi na gaba za mu ɗauki manomitar nan mu yi gwajin yoyo tun daga farko. Sai mun haɗu, a huta lafiya.