Lacca: Wanda Aka Kama A Tarzoma, Wa Zai Ɗauke Shi Aiki Bayan Ya Fito?

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a sannunku da haƙuri, na san an daɗe a zaune. Na baya in ba kwa ji ku ɗaga hannu a ƙara murya.

Toh, maganar da zan yi yau a kan hukunci ne guda biyu. Akwai hukuncin da alƙali yake yankewa, wannan yana da ranar farawa yana da ranar ƙarewa, an rubuta a takarda. Akwai kuma wani wanda babu alƙalin da ya yanke shi, babu lauyan da zai ɗaukaka maka ƙara a kansa, shi ne wanda ake yanke maka a ofishin ɗaukar ma'aikata, ranar da ka miƙa takardunka aka ga an taɓa kama ka. Wannan na biyun shi ya dame ni, don na lura ba kowa yake hawa kansa daidai ba.

Bari in ɗauko misalin Ingila, don su sun rubuta komai, lissafinsu yana nan. Ranar 4 ga Agustan 2011 'yan sanda suka harbe wani matashi Mark Duggan a unguwar Tottenham a Landan. Bayan kwana biyu mutane suka yi tattaki zuwa ofishin 'yan sanda suna neman bayani, abin ya rikiɗe ya zama tarzoma, wuta ta bazu zuwa Croydon, Hackney, Birmingham, Manchester, Liverpool, aka ƙona shaguna aka wawushe kaya, mutum 5 suka mutu. Kuma dan Allah kar wani ya fita daga nan ya ce na ce ba a yi ɓarna ba. An yi. A Birmingham an take samari uku da mota suna gadin unguwarsu, mahaifin ɗaya daga cikinsu, Tariq Jahan, shi ne ya tsaya gaban jama'a gawar ɗansa ko sanyi ba ta yi ba yana roƙon a koma gida kar a rama. Wanda ya yi kisa ko ya cinna wa gidan mutane wuta, hukunci ya hau kansa, ba ni da ja a nan.

Amma ku ji abin da ya biyo baya. Kotuna suka dinga zama har cikin dare, aka gurfanar da mutum sama da 3,000, fiye da rabi aka hana su beli tun zaman farko. Wani ɗalibi ɗan shekara 23, bai taɓa laifi ba, ya ɗauki ruwan gora na fam 3.50 a wani shago da aka riga aka fasa a Brixton, aka ba shi wata 6. Wasu samari biyu suka rubuta a Facebook a fito a yi tarzoma, ba a yi tarzomar ba ma, aka ba su shekara hurhuɗu. Wata uwa mai 'ya'ya biyu a Manchester, ita tana gida ma a daren, ta karɓi gajeren wando da wata ta kwaso, aka yanke mata wata 5, sai da aka ɗaukaka ƙara aka sake ta.

Yanzu ku tsaya a kan maganar hana belin nan, don a nan aiki yake fara tafiya, tun kafin a ce kana da laifi ko ba ka da shi. Mutumin da yake aikin shara a kamfani, ko ɗaukar kaya a sito, ko gadi, ko wanke kwanuka a gidan abinci, in ya yi kwana uku bai zo ba wa zai tsaya jiransa? Wallahi babu. An sa wani a gurbinsa. Ko da bayan wata biyu kotu ta ce jeka ba ka da laifi, aikin ya tafi, kuɗin haya ya taru, kuma sunansa da hotonsa sun riga sun fito a jarida, duk wanda ya rubuta sunan a intanet abin da zai fara gani kenan. Wanda kuma yake babban ofis yana da hutun shekara da zai ɗauka, yana da lauyan da zai fito da shi washegari, yana da ƙungiyar ma'aikata da za ta tsaya masa. Kamu ɗaya ne, amma faɗuwar ba ɗaya ba ce.

Sai kuma takarda. A Ingila akwai doka ta 1974 wadda ta ce bayan wasu shekaru laifinka ya shafe, ba dole ka faɗa wa mai ɗaukar aiki ba. Niyya mai kyau ce. Amma a yadda dokar take a 2011, wanda aka ɗaure wata 6 ko ƙasa da haka sai ya shekara 7 yana bayyana laifinsa, wanda kuma ɗaurinsa ya wuce wata 30 har abada ba ya shafewa. Kun ga mai ruwan goran nan, wata 6 alƙali ya ce, doka kuma ta ce shekara 7. A 2014 sun rage wa'adin, alhamdulillahi, amma aikin koyarwa, jinya, kula da yara da tsofaffi, waɗannan ana yi musu bincike mai zurfi, wanda a cikinsa 'yan sanda suna iya saka bayanin kamu ko da ba a taɓa samun mutum da laifi ba.

Wani zai ce ai ƙila masu ɗaukar aikin ba sa damuwa da wannan. Toh an gwada. Wata malamar jami'a a Amurka, Devah Pager, Allah ya yi mata rasuwa, ta tura samari neman aiki a birnin Milwaukee, takardu iri ɗaya, shiga iri ɗaya, bambancin kawai wani ya ce an taɓa ɗaure shi wani ya ce a'a. Sakamakon ya fito a 2003. Farar fata mara laifi, kashi 34 cikin ɗari aka kira su. Farar fata mai tabon ɗauri, kashi 17. Baƙar fata mara laifi, kashi 14. Baƙar fata mai tabo, kashi 5. Ku sake duba lissafin nan da kyau, farin da ya fito daga kurkuku ya fi baƙin da bai taɓa laifi ba samun kira. Ma'ana tabon ba shi kaɗai yake aiki ba, yana hawa ne kan abin da dama ake zarginka da shi tun kafin ka buɗe baki.

Nan ne maganar aji take shigowa, talaka da mai hali. Bayan tarzomar nan ta Ingila ministan shari'a na lokacin, Kenneth Clarke, ya rubuta a jarida ya kira masu tarzomar da wata kalma da ake kiran dabbar da ta gudu daga gida ta koma daji, ya ce wani rukuni ne na can ƙasan al'umma. Firaminista David Cameron ya ce aikata laifi ne kawai ba wani abu ba. A Faransa ma a 2005 Nicolas Sarkozy yana ministan cikin gida ya kira samarin unguwannin bayan gari da kalmar da take nufin tarkace. A Ingila kuma aka yi takardar koke a intanet a yanke wa masu tarzoma tallafin gwamnati, mutum sama da 100,000 suka sa hannu. Wata ƙaramar hukuma a Landan ta aika wa wata uwa takardar tashi daga gidan gwamnati saboda an tuhumi ɗanta, tun kotu ba ta yanke hukunci ba. Ita uwar me ta yi? Ƙanwarsa da take gidan me ta yi? An yi musu kuɗin goro kawai.

Kuma gaskiya ne fa, talakawa sun fi yawa a cikin waɗanda aka kama, ba zan ɓoye ba. Lissafin gwamnati ya nuna cikin yaran da aka gurfanar kashi 42 suna cikin masu cin abincin makaranta kyauta saboda talaucin gida, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 16 ne. Clarke ya ce kusan uku cikin huɗu na manyan da aka tuhuma dama suna da tsohon laifi. Amma ku tambayi kanku, ta yaya aka kama su? Da hoton kyamarar kan titi aka bi yawancinsu. Fuskar wa ɗan sanda zai gane a hoto? Wanda dama ya sani, wanda hotonsa yake cikin fayil, ɗan unguwar da kullum ake tare su a caje su. Wanda bai taɓa shiga hannu ba, ya fito daga unguwar masu kuɗi, ya fi sauƙin sulalewa. Don haka lissafin waɗanda aka kama ba shi ne lissafin waɗanda suka yi ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda jaridu suka yi da aka ga 'yar wani attajiri, ɗalibar jami'a, cikin waɗanda aka kama, ita ce take tuƙa masu kwasar kaya a motarta. An ɗaure ta, ba a ƙyale ta ba. Amma ku ji tambayar da aka dinga yi, me ya same ta, wa ya yaudare ta, yaya yarinya mai tarbiyya ta faɗa cikin wannan. Ɗan talaka ba wanda ya tambaya me ya same shi, shi an riga an gama, halinsu ne. Na mai kuɗi tsautsayi ne da ƙuruciya, na talaka jini ne. Kuma shi Cameron ɗin da Boris Johnson, wanda yake magajin garin Landan a lokacin, duk sun yi zama a ƙungiyar Bullingdon a jami'ar Oxford, ƙungiyar 'ya'yan masu hannu da shuni da ta yi suna wajen farfasa gidajen abinci sannan a zaro kuɗi a biya. Ban ce su da hannunsu sun fasa wani abu ba. Abin da nake cewa, fasa gilashi ɗaya ne, wani ya biya a wajen magana ta mutu, wani kuma ta bi shi shekara 7. Laifi tudu ne.

Sannan mai uwa a gindin murhu ai ba ya cika fom. Wannan akwatin da ake cewa ka sa alama in an taɓa ɗaure ka, wa yake cika shi? Wanda ba shi da kowa. Ɗan babban gida kawunsa zai ɗaga waya, ko a ba shi jari, ko ya shiga kamfanin babansa, ba wanda zai tambaye shi ina ya shiga wata goma.

An yi ƙoƙarin gyara. Akwai yunƙurin cire akwatin nan daga fom ɗin farko, a bar mutum ya zo a gan shi a ji ta bakinsa kafin a tambayi tarihinsa. Jihar Hawaii ta fara a 1998, a Birtaniya aka ƙaddamar da irinsa a 2013. Amma wasu masu bincike, Amanda Agan da Sonja Starr, sun gwada a New Jersey da birnin New York, suka ga bayan an cire akwatin tazarar da ke tsakanin fari da baƙi wajen kira ta ƙaru, don masu ɗaukar aikin da aka hana su tambaya sai suka koma canka daga suna. Kun ga an cire akwatin daga takarda amma yana nan a zuciya. Wannan binciken ya sa ni na daina ganin doka kaɗai za ta isa.

Abin da na ga ya yi aiki shi ne inda mai kamfani da kansa ya yanke shawara. Akwai kamfanin Timpson a Birtaniya, masu gyaran takalmi da yankan makulli, kusan ɗaya cikin goma na ma'aikatansu tsofaffin fursunoni ne, har cikin kurkuku suke shiga su koyar da sana'a. Makullin gidajen mutane fa suke yankawa, kuɗi suke riƙewa a kanta, kuma kamfanin bai rushe ba. A 2024 shugaban kamfanin, James Timpson, aka naɗa shi ministan gidajen yari. A bazarar shekarar kuma wata tarzomar ta sake tashi bayan kisan yara mata uku a Southport, aka kai wa masallatai hari da otal ɗin masu neman mafaka, Keir Starmer wanda shi ne shugaban masu gabatar da ƙara a 2011 a lokacin shi ne firaminista, aka sake hukunci cikin gaggawa. Na san da yawanmu a nan ranmu ya ɓaci da waɗancan, nima haka. Amma dole in faɗa, ma'aunin da na nema wa yaron Tottenham shi zan nema musu, wanda ya gama wa'adinsa a cikinsu a bar shi ya nemi abinci.

Cikinku akwai masu ɗaukar ma'aikata, ko mutum biyu ne a ƙarƙashinka. Ranar da irin wannan takardar ta zo gabanka dan Allah ka kira shi ka tambaye shi abu uku, me aka kama ka da shi, kotu ta same ka da laifi ko sakinka aka yi, kuma me ka yi daga ranar zuwa yau. In laifin ya shafi aikin, misali wanda ya cutar da yara yana neman aikin makaranta, ka hana shi, hakkinka ne. In kuma ruwan gora ne shekara goma da suka wuce, ka duba hannunsa ko ya iya aikin.

Na ga ana mini alamar lokaci. Baiwar Allah ta can gefe tun ɗazu hannunki yake sama, a miƙa mata makirfon, bismillah.