Jawabin maraba ga Mai Girma Hakimi a Dar es Salaam

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, a madadin 'yan uwa Hausawa mazauna Dar es Salaam, ɗalibai da 'yan kasuwa da masu aiki, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya, da fatan ka baro gida lafiya da iyali da talakawanka baki ɗaya. Zafin garin nan sai haƙuri, na bakin teku ne, gumi kawai.

An faɗa mana tun kafin ka taso ka ce kana son ganin masassaƙan ƙabilar Makonde, to gobe in Allah ya kai mu za mu raka ka kasuwar Mwenge inda suke zaune da gizago da kurfi suna fama da mpingo, wani baƙin icce ne mai taurin tsiya. Amma kafin nan bari in ɗan gabatar maka da mutum ɗaya, don a can sunansa zaka ta ji, wato George Lilanga.

An haife shi a 1934 a kudancin ƙasar nan, yankin Makonde, mutanen da kogin Ruvuma ya raba wasu a Tanzaniya wasu a Mozambik. A can ya koyi sassaƙa wajen manya, ya zo birnin nan neman abinci farkon shekarun 1970, kuma aikin da ya samu shine gadi. Eh ranka ya daɗe, maigadi, a Nyumba ya Sanaa, wani gidan masu sana'ar hannu da wata sistar coci 'yar Amurka Jean Pruitt ta taimaka aka kafa. Ita ce ta lura da abin da hannunsa ke yi aka jawo shi ciki, daga nan ya shiga zane a takarda da fatar akuya da yadi, har ya koma fentin mai ƙyalli a kan katako irin na masu zanen nan na Tanzaniya da ake ce wa 'yan Tingatinga.

Abin da ya sa ya fita daban shine iskokin nan da Makonde ke sassaƙawa, shetani suke ce musu, da can baƙaƙe ne masu ban tsoro, shi kuwa sai ya kwaso su ya shafa musu ja da shuɗi da rawaya ya saka su cikin harkar yau da gobe. Zaka ga halitta da kunnuwa fato-fato, leɓe ya zazzago, yatsu biyu ko uku a hannu, ɗaure da ɗan zane a ƙugu, wannan na rawa wancan na gardama wani ya riƙe waya, allon ya cika maƙil babu wajen saka allura, kuma in ka tsaya ka duba da kyau wallahi mutanen unguwa kake gani da gulmarsu da rigimarsu. Na san a cikinmu akwai masu ja da baya kan sassaƙa siffa, wannan malamai sun fi mu sani, ni dai iya basirar nake nunawa.

A 1978 aka kai ayyukansa baje koli a Washington, daga baya Japan da Turai, har babban nunin Africa Remix na 2004. Sai dai ciwon suga ya ci shi sosai, a 2000 aka yanke masa ƙafafu duka biyu, a haka a keken guragu ya ci gaba da aiki da taimakon yaransa har ya rasu a watan Yunin 2005 a nan Dar es Salaam.

Koken mu ɗaya ne ranka ya daɗe. Muma a gida muna da dukawa da masassaƙa da masu zanen ƙwarya da marina da basirarsu ke ƙarewa a bakin kasuwa, in masarauta ta samar musu da ko rumfa ɗaya ce da za su haɗu suna koyar da yara, baƙi su zo su gani su saya, ba ƙaramin abu bane.

Sai gargaɗi kaɗan game da gobe, duk wanda ya nuno maka allo yace na Lilanga ne da hannunsa kar a yi saurin ciro kuɗi, jabu sun yi yawa tun bayan rasuwarsa, a bar mu da ciniki mun san Swahilin tayi. Allah ya ja zamanin Hakimi, Allah ya maida kai gida lafiya. Ga pilau can an sauke, bismillah.