Amsoshin Tambayoyinku: Farautar Barewa da Elk a Amurka

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a shirin amsoshin tambayoyinku. A wannan makon wasiƙu uku ne suka zo mana a kan batu ɗaya, wato farautar manyan namun daji a ƙasar Amurka, saboda haka a kansu za mu tsaya.

Wasiƙa ta farko daga Gusau ta fito, daga wani mai sauraro da ya ce shi ɗan gidan mafarauta ne. Yana tambaya ne game da hotunan da yake gani na Amurkawa da 'ya'yansu sun durƙusa a gefen wata babbar dabba mai ƙaho reshe-reshe, yana son ya san wace dabba ce, kuma ko da gaske ne iyali sukan kwashe kwanaki a daji domin farautarta.

To malam, dabbobi biyu ne aka fi farauta a can. Ta farko ita ce barewa mai farar wutsiya, wadda ake samu a kusan duk faɗin ƙasar, namijinta yakan kai kilo 70 zuwa 130, tana kuma da 'yar uwa mai manyan kunnuwa a jihohin yamma. Ta biyu ita ce elk, wadda ta fi zama a tsaunukan Roki, namijinta yakan haura kilo 300, wato ya fi gwanki nauyi, macen kuma takan kai kimanin kilo 230. Abin da ya bambanta su da namun dajinmu shi ne ƙahon. Namiji ne kaɗai yake da shi, ƙashi ne zalla, kuma duk shekara yakan faɗi a ƙarshen hunturu wani sabo ya tsiro. A jikin elk yakan ƙaru da santimita biyu da rabi a rana ɗaya idan yana kan ganiyar fitowa, kuma ƙahonin biyu tare suna iya kai kilo 18.

Maganar kwana a daji kuwa gaskiya ce, kuma a wasu jihohin al'ada ce mai ƙarfin gaske. A jihar Wiskonsin ana buɗe farautar barewa da bindiga ne na kwana tara kacal, daga ranar Asabar ɗin da ke gabanin bikin godiya na ƙarshen watan Nuwamba, kuma mutane fiye da rabin miliyan ne suke yankar lasisi dominta. A Mishigan ranar 15 ga Nuwamba ake buɗewa kowace shekara. A Fensilbaniya an daɗe ana buɗewa ranar Litinin bayan bikin, har makarantun karkara da dama sukan ba da hutu a ranar saboda sun san ba za a ga ɗalibai ba, kafin a mayar da buɗewar zuwa Asabar a shekarar 2019.

Iyalai da yawa suna da ɗan ɗakin katako a cikin daji wanda aka gada kaka da kakanni, inda kaka da 'ya'yansa da jikokinsa da tsofaffin abokai suke haɗuwa sau ɗaya a shekara, wasu daga garuruwa masu nisa. Akan tashi tun kafin ketowar alfijir, kowa ya nufi inda aka ware masa, mafi yawa su hau wani ɗan dandamali da aka ɗaura a jikin bishiya su zauna shiru cikin tsananin sanyi, suna kula da inda iska ta dosa, domin barewa da hanci take gane mutum tun kafin ta gan shi. Da rana wasu sukan jera su ratsa kurmi domin su koro dabbobin zuwa inda 'yan uwansu suke jira, amma ba da kiɗa ko kirari ba, kuma a mafi yawan jihohi an hana sa karnuka, sai a wasu jihohin kudu maso gabas. Da dare sai a taru a ci abinci a yi ta labarin barewar da ta kuɓuce shekara da shekaru. A wasu sansanonin ma wanda ya yi harbi ya kuskure akan yanke masa gefen riga a kafe a bango, ya zama abin tsokana har shekara ta zagayo. Ranar da yaro ko yarinya suka kashe barewarsu ta farko babbar rana ce a gidan, kuma irin hotunan da mai tambayarmu yake gani ke nan.

Farautar elk ta fi wannan wahala nesa ba kusa ba. Ana fara ta ne da kwari da baka a watan Satumba, lokacin barbara, sa'ad da namiji yake wani irin kuka mai tsawo da ke farawa kamar gurnani ya ƙare kamar fito, maharba kuma suna kwaikwayon kukan da bututu domin ya zaci wani namiji ne ya zo ƙwace masa garke, ya taso cikin fushi. Masu bindiga sukan shiga ne a watan Oktoba da Nuwamba. Akan kafa manyan tantuna masu murhun itace a kan tsaunuka masu tsayin mita 2,500 zuwa 3,000, inda numfashi yake yi wa baƙo wuya, a yi mako guda ana tafiya a ƙasa cikin dusar ƙanƙara, kuma mafi yawan masu zuwa sukan koma gida hannu rabbana. Wanda ya dace kuwa, a lokacin ne aikinsa ya fara, domin ba mai iya jan dabbar da ta haura kilo 300 daga cikin kwazazzabo. Dole a feɗe ta nan take, a raba cinyoyi da karfata da naman baya a zuba a buhunan yadi, a rataye a bishiya ya sha iska, sannan a yi ta ɗauka a baya sawu bayan sawu zuwa inda mota take, ko a ɗora wa dawakai da alfadarai. A jihohin Montana da Wayomin da Aidaho akwai ƙarin haɗarin wata babbar dabba mai cin nama da ake kira beyar, wadda ƙanshin jini yake jawowa. Wannan ne ya sa mai hankali ba ya zuwa farautar elk shi kaɗai, sai da 'yan uwa ko abokai, kuma bisa al'ada duk wanda ya ɗauki kaya yana da rabo a naman.

Akwai ƙa'idojin tsare rai da ya kamata mai tambayarmu ya sani, tun da shi ma ɗan sana'a ne. A jihohi da yawa wajibi ne mai farauta da bindiga ya sa riga da hula masu launin ruwan lemo mai ƙyalli, wanda ɗan Adam yake hangowa daga nesa amma idon barewa ba ya bambance shi sosai. Sabon maharbi sai ya yi kwas ya ci jarrabawa kafin a sayar masa da lasisi, tsarin da jihar New York ta fara tilastawa a shekarar 1949. Harbi kuma da rana ne kawai, galibi daga rabin sa'a kafin fitowar rana zuwa rabin sa'a bayan faɗuwarta, kuma haska dabba da fitila da dare domin a harbe ta laifi ne babba.

Wasiƙa ta biyu daga Maraɗi take, daga wata malama da ta yi tambaya mai nauyi. Ta ce idan har mutane masu yawa haka suna farauta kowace shekara, me ya hana dabbobin ƙarewa kamar yadda suka ƙare a dazuzzuka da dama na ƙasashenmu.

Malama, ai saura ƙiris su ƙare. An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa akwai elk kimanin miliyan goma a Arewacin Amurka, amma a farkon ƙarni na ashirin waɗanda suka rage ba su kai 50,000 ba. Barewa mai farar wutsiya ita ma ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan. Abin da ya jawo haka shi ne farautar kasuwa, wato maharba da suke kashewa ba adadi suna loda nama da fatu a jirgin ƙasa zuwa birane, ga kuma sare dazuzzuka domin noma. A yau barewar ta kai kimanin miliyan 30, elk kuma ta kai kimanin miliyan ɗaya, alhali binciken gwamnatin ƙasar na shekarar 2022 ya nuna cewa mutane miliyan 14.4 ne suka yi farauta a wannan shekarar.

Gyaran ya fara ne daga mafarautan kansu. A shekarar 1887 Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya kafa ƙungiyar Boone and Crockett tare da abokansa, suka yi ta fafutukar a kafa dokoki. A shekarar 1900 aka yi dokar Lacey, wadda ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi kuma suka hana sayar da naman daji. Sai a shekarar 1937 aka yi dokar Pittman da Robertson, wadda ta keɓe harajin kashi 11 cikin ɗari da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai, ana raba shi ga jihohi domin kula da namun daji, bisa sharaɗin cewa jiha ba za ta karkatar da kuɗin lasisin farauta zuwa wani aiki ba. Da irin waɗannan kuɗaɗe ne, tare da gudummawar ƙungiyoyin mafarauta, aka yi ta kama dabbobi daga inda suka rage ana sakin su inda suka ƙare. Jihar Kentaki, alal misali, ta kawo elk kimanin 1,500 daga jihohin yamma tsakanin 1997 da 2002 ta sake su a tsofaffin filayen haƙar kwal, yanzu kuma ana farautarsu a can.

Tushen tsarin shi ne namun daji dukiyar jama'a ce da ke hannun jiha amana, ta yadda ko a gonarka barewa take kwana ba ka da ikon harbinta sai bisa ƙa'idar jiha kuma a lokacin da aka buɗe. Kowace shekara ma'aikata sukan ƙiyasta yawan dabbobin kowane yanki, a jihohin yamma har da jirgi mai saukar ungulu, sannan a yanke yawan takardun izinin da za a bayar. Kowace takarda ta dabba ɗaya ce, galibi kuma akan fayyace namiji ne ko mace. Idan ana son garke ya ƙaru sai a hana harbin mata, idan ya yi yawa sai a ƙara takardunsu. Inda masu nema suka fi takardun yawa ƙuri'a ake yi, kuma akwai yankunan da mutum zai shekara ashirin yana nema kafin ya samu. Wanda ya karya doka ana cin sa tara, ana iya ƙwace bindigarsa, kuma idan aka soke masa lasisi a jiha ɗaya sauran jihohin da suka ƙulla yarjejeniya da ita a kan haka ma sukan hana shi. A ganinmu, cikin waɗannan matakai duka hana ciniki ne ya fi tasiri, domin mai farautar tukunyar gidansa yana da iyakar abin da zai ci, amma mai farautar kasuwa ba ya ƙoshi.

Tsarin bai rasa masu suka ba. Ƙungiyoyin kare dabbobi suna ƙin farautar baki ɗaya, wasu masana kuma suna cewa an fifita dabbobin da ake harbi a kan sauran halittu. Tun da aka kawar da kyarkeci da sauran masu cin barewa daga mafi yawan jihohin gabas, yawanta ya wuce kima a wurare da dama, tana cinye amfanin gona da ƙananan itatuwa, kuma motoci suna karo da ita fiye da sau miliyan ɗaya a shekara.

Tambaya ta ƙarshe daga wani mai sauraro ce a Kumasi, yana son ya san abin da ake yi da naman, da kuma ko baƙo zai iya shiga wannan farauta.

Naman dai ci ake yi, kuma jihohi da yawa suna hukunta wanda ya yanke kai ya ɗauki ƙaho ya bar nama ya ruɓe. Akan yanka shi gunduwa-gunduwa, a niƙa wani, a busar da wani, a adana sauran a firiza, kuma elk ɗaya takan wadatar da ƙaramin iyali da nama kusan shekara guda. Wanda ya yi masa yawa yana iya bayarwa kyauta, akwai ma shirye-shiryen raba shi ga mabuƙata kamar wanda aka fara a jihar Birjiniya a shekarar 1991. Naman barewar da ake sayarwa a gidajen abinci daga gonakin kiwo yake fitowa, da yawansa ma daga ƙasar New Zealand. Abin da ya fi damun mafarauta a yanzu shi ne wata cuta mai cin ƙwaƙwalwar barewa da elk har ta rame ta mutu, wadda aka fara ganowa a jihar Kolorado a shekarar 1967, ta kuma bazu zuwa jihohi fiye da talatin. Ba a tabbatar da ta kama ɗan Adam ba, amma hukumomin lafiya suna ba da shawarar a gwada naman da ya fito daga yankin da take, kada kuma a ci wanda aka same ta a jikinsa.

Baƙo yana iya farauta idan ya yanki lasisin waɗanda ba 'yan jiha ba, wanda a Kolorado da Montana kuɗinsa ya ninka na ɗan jiha fiye da sau goma, ya kuma nuna shaidar kwas ɗin da muka ambata. Dokar tarayya ta hana mai bizar ziyara riƙe bindiga, amma ta yi togaciya ga wanda yake da lasisin farauta mai aiki. Filin farauta ba shi da wuyar samu a jihohin yamma, domin gwamnatin tarayya tana da kimanin kashi 28 cikin ɗari na ƙasar, kuma an yarda a yi farauta a babban ɓangarensa, ban da wurare irin gandun dajin Yellowstone. Sai dai a Wayomin doka ta wajabta wa baƙo ya ɗauki ɗan jagora kafin ya shiga wasu keɓaɓɓun dazuzzuka, kuma farautar elk da ɗan jagora da dawakai takan ci dubban daloli.

Masu sauraro, a nan lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun da ke hannunmu sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.