Burtsatsen da ba ruwa ake nema a cikinsa ba

Hauwa: Tun makon jiya da muka yi magana kan burtsatsen da ake haƙawa don ɗumama gida da sanyaya shi, saƙonni ba su tsaya ba. Tambayar kowa ɗaya ce, Injiniya: rami nawa za a haƙa?

Injiniya: Ai kafin nawa, a tambayi tazara. Ka haƙa mita 100 ko 150, ka zura bututun roba mai siffar U, ruwa na zagayawa a ciki. Da hunturu wata na'ura da aka haɗa da bututun ta jawo ɗumin ƙasa zuwa gida, da bazara ta mayar mata da zafin gida. To idan ramuka suka matsu, sai su riƙa cin rabon juna. Shi ya sa ake barin wajen mita 6 tsakaninsu.

Bashir: Kamar shukar dawa ke nan, in ta yi cunkoso sai an tsuge.

Hauwa: Yaya Bashir, kai komai sai ka kai shi gona!

Bashir: To ƙarya na yi? Bara wajen da ban tsuge ba, zangarniyar ko tsawon yatsa ba ta kai ba.

Hauwa: Jar dawa ce ko kaura?

Bashir: Kaura mana, wa zai...

Injiniya: Ku bar ni da misalin nan, ya dace. Ramin tsakiya shi ya fi wahala, maƙwabta sun kewaye shi ta ko'ina. Per Eskilson ya yi lissafin wannan a Jami'ar Lund ta Suwidin a 1987, har yau da shi ake aiki. Jami'ar Ball State a Amurka ramuka sama da 3,000 ta haƙa, ta rufe tukwanenta masu ƙona kwal don ɗumama gine-gine. Can akwai sanyi, akwai zafi, abin da ka ajiye a ƙasa za ka kwashe. Abin da ke damuna shi ne masu son kwafo wannan tsari zuwa Kano. Ƙasar da ke ƙarƙashinmu tun asali ta haura digiri 25, kuma zafi kawai za mu yi ta zuba mata shekara da shekaru. Dole rami ya ƙara zurfi, a jera su layi guda maimakon dunƙule, kuma a fara gwada rami ɗaya a ga yadda dutsen wurin ke ɗaukar zafi.

Hauwa: To kuɗin fa? Mun yi alkawarin lissafi.

Injiniya: Kai, lokaci ya ƙure. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.