Amsoshin Tambayoyinku: Ƙarfen da Aka Tsinta a Ɗakin Kaka

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Wasiƙar farko ta fito daga wata baiwar Allah a yankin Ringim. Ta ce suna kwashe kayan kakarsu, Allah ya ji ƙanta, sai suka tarar da wani siririn ƙarfe da ya ɗara taƙi guda, mai ɗan ciki a tsakiya, bakinsa biyu a tsuke, an ajiye shi tare da faffaɗan dutse mai sulɓi. Yayanta ya dage wai na niƙa kwalli ne.

To malama, a gaida yaya, amma ya saki wannan zance. Magurji ne, na gurzar auduga. Mace za ta zauna ta shimfiɗa audugar a kan dutsen, ta dafa bakin ƙarfen biyu da tafin hannu, ta riƙa mirgina shi gaba tana dannawa. Wannan cikin na tsakiya shi ke matse angurya ta fice, audugar ta rage a baya. Ki duba da kyau, za ki ga tsakiyar dutsen ya ɗan lotsa, bakin ƙarfen kuma ya fi ko'ina santsi, don nan hannu ya ci. Daga nan sai bakan shiɓa, sai mazari, ana shafa alli a yatsu don zaren ya murzu. In kun sake bincika ɗakin, da wuya ku rasa mazarin. Kada a raina aikin nan: Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin ƙasar ke kaiwa har Timbuktu, kuma a kan irin dutsen nan zarensu ya faro. Don Allah kada a sayar wa 'yan gwangwan.

Sai wani malami daga Garun Malam, ya ce yana da guntun icce mai nauyin gaske, gajeren mariƙi, jikinsa na ƙyallin baƙi-baƙi mai shuɗi, yara sun mai da shi taɓarya. Malam, kai da ke maƙwabtaka da Kura ai amsar na bayan gidanka. Mabugi ne. Bayan an tsamo yadi daga karofi ya bushe, masu bugu kan ɗora shi kan gungume, su barbaɗa shuni, su yi ta bugu har ya ɗauki sheƙi. Haka ake yin rawani ɗan Kura da Buzaye ke so. Launin nan da ka gani shuni ne ya shige iccen.

Mai tambaya daga Gwaram kan ɗan ƙaho mai huda a tsini, na wanzami ne. Ta hudar yake zuƙe iska, ya toshe da jijiya, ƙahon ya kama fata. A ajiye shi don tarihi, kada wani ya ce zai gwada shi a jikin mutum.